Dutsen da Hannuna Ya Gina a Ƙafar Maiɗakina

Ina yi wa mai gyaran wannan mujalla sallama, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa. A shekarar farin nan da ya cinye dabbobin ƙasar Gumel, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Ban yi boko ba. Karatun allo na yi a gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa, na haɗa da 'yan littattafai, hannuna kuma ya faɗa da rubutun ajami. Da shi nake ci. Duk ranar Alhamis nakan bi motar kasuwa zuwa Maigatari, in shimfiɗa buzuna kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, in yi ta rubuta wa fatake da mutanen Damagaram wasiƙu zuwa gidajensu. Mutane suna kirana malam, suna tambayata abin da na sani da wanda ban sani ba, ni kuwa bakina bai saba da cewa ban sani ba. Wannan hali ne ya jawo abin da zan faɗa. Da ajami na rubuta labarin, aka juya mini shi zuwa boko, don haka in an ga tuntuɓe a yi mini afuwa.

Maiɗakina 'yar kawuna ce, ƙanen mahaifiyata. Dangin uwata Fulani ne masu shanu, a ruga ta tashi. Kun ga ke nan taubashiyata ce tun kafin ta zama matata, kuma aure bai hana ta tsokanata ba ko na yini ɗaya. A gaban mutane malam take ce mini, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san komai ba. Da mun rage mu biyu sai ta tuna mini cewa ni ɗan mace ne, bawanta ne na gado, ubanta ya yi mini alfarma ne kawai da ya ba ni ita. Ni kuma in ce da ita ai duk rugarsu babu wanda ya iya bambanta alif da sandar kiwo. Mace ce mai tafiya. Takan ɗora ƙwaryar nono a ka ta zaga ƙauyuka uku kafin azahar, ta dawo ba ta ko haki. Tun daga nesa ake gane ta da saurin tafiyarta. Mahaifiyata kan ce in ana rabon ƙafa a lahira, a ba ta irin ta surukarta.

Da bazara ta kai tsakiya a shekarar, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Saniya kan kwanta ta kasa tashi, sai an zura mata sanduna ta ƙarƙashin ciki, wasu su kama wutsiya, a ɗaga ta da ƙarfi. Muna da wata jar saniya da kawu ya ba maiɗakina ranar da aka kawo ta gidana. Wata safiya ta kwanta ta ƙi tashi. Muka taru da maƙwabta biyu muna ɗagawa, maiɗakina tana daga baya tana yi mata magana da Fillanci kamar mai lallashin jariri. Da saniyar ta ji ƙafafunta sun taɓa ƙasa sai ta yunƙura ta yi harbi, kofaton ya sami maiɗakina a sharaɓar ƙafar hagu, a naman nan na bayan ƙwauri. Ta zauna daɓas. Ba ta yi kuka ba, sai ma cewa ta yi to alhamdu lillahi, ashe da sauran ƙarfi a jikin saniyar. Kafin la'asar wurin ya kumbura ya yi baƙi. Aka kira maɗori ya lalluba, ya ce babu karaya, jini ne ya kwanta, a bar ta ta huta.

Ni ne na ƙi barinta ta huta. A ganina jinin da ya kwanta dole a tashe shi, in ba haka ba ya ruɓe a ciki. Haka na ji ana faɗa, haka kuma na ga ana yi wa dawaki. Saboda haka kullum in na dawo daga sallar asuba sai in sa a tafasa ruwa, in zaunar da ita a tabarma a ƙofar ɗaki, in ɗora ƙafar a cinyata. In gasa wurin da tsumma mai zafi, in shafa man shanu, sannan in sa manyan yatsuna in yi ta danna kumburin ina turo shi sama. Daga baya na ga kamar yatsu ba su isa ba, na samo kwalba ina murzawa da ita kamar mai murza alkaki. Takan cije bakin mayafinta, gumi yana keto mata, wani lokaci hawaye ya zubo. In na ce ko in bari, sai ta ce in ci gaba, ai yau ga ranar bawa, dama ta daɗe tana jiran ta ga na yi aikin da aka haife ni dominsa. Ni kuma in ce ta yi shiru, Bafillatanar da saniya ta kayar ba ta da bakin magana. Muna dariya, ina danna mata ciwo. Allah ya sani da ƙauna nake yi. Amma akwai jin kai a ciki, don ina so a ce malam ne ya warkar da iyalinsa da hannunsa.

Bayan kamar mako biyar baƙin ya washe, kumburin ya ragu, har na fara yi wa maƙwabta alfahari. Sai dai a tsakiyar naman wani abu ya rage, kuma kullum ƙara tauri yake. Da fari kamar ɗanyen ƙulli, daga baya in na danna sai in ji kamar na taɓa tsakuwa a cikin tuwo. Ta fara kasa sauke diddigenta ƙasa sosai. Kawu ya zo duba ta, ya lalluba wurin, sannan ya ce in kai ta asibiti a Gumel, shi bai taɓa jin nama ya yi irin wannan tauri a jikin mai rai ba. Kunyarsa ta sa na kai ta. Malamin asibitin da ya duba ta saurayi ne, mai ladabi. Da ya gama sai ya kira ni waje, muka tsaya a baranda. Ya tambaye ni ko ana taɓa wurin, na ce ana ɗan shafa mai. Ya ce don Allah a daina, kada a danna, kada a gasa, a bar ƙafar ta huta. Ya ce yana zaton wani abu mai kama da ƙashi ne yake tsirowa a cikin naman, amma ba zai tabbatar ba sai an ɗauki hoton ƙafar a Kano. Ya ba ni kati da takarda, ya ce in kai ta cikin makon nan.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Ban iya karanta rubutun boko ba, amma na san lambobinsa saboda zaman kasuwa. A gefen katin akwai wani ɗan gida da aka rubuta lamba a ciki, uku a jere, da ɗigo, da guda ɗaya a bayansa. Tun a mota idona yake kanta. Ni kuwa a zamanin samartaka na ɗan taɓa hisabi a wurin wani malami, irin wanda ake haɗa sunan mutum da na mahaifiyarsa a mayar da su lamba, a yi ta zubar da sha biyu sha biyu, a ga gidan da saura ya faɗa. Mahaifina ya hana ni tun yana da rai, ya ce wannan ba aikin mai tsoron Allah ba ne. Da muka iso gida na shiga zaure, na share ƙasa, na haɗa lambar katin da sunanta na zubar. Saura ya faɗa gidan rabuwa. Na sake, na ce ko na yi kuskure, ya sake faɗawa can. Dama kuwa a Maigatari na sha jin fatake suna cewa likitocin birni ba sa wahalar da kansu, da sun ga ƙafa ta ƙi sai su yanke. Sai na haɗa wannan da wancan, na yanke wa kaina hukunci cewa lambar nan alama ce da suka sa mata, ta waɗanda za a yanke wa ƙafa. Na ninke katin na cusa a can ƙasan gafakata, ƙarƙashin littattafai. Na shiga gida na ce da ita malamin asibiti ya ce babu komai, a ci gaba da abin da ake yi. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce to.

Yau da na natsu na san ba lamba ce ta yi magana ba, tsoro ne. Ina tsoron a yanke mata ƙafa, ina kuma tsoron wani abu da ban yarda na faɗa wa kaina ba, wato a je Kano a ce ni ne na ɓata ta. Damina ta sauka, Allah ya kawo sauƙi, ciyawa ta fito, jar saniyar nan ma ta murmure ta yi ƙiba. Maiɗakina kuwa baya take yi. Na ƙara ƙaimi wajen gashi da murza, ina ganin in na fasa dutsen nan kafin kowa ya sani shi ke nan. Wata uku ina yi. Tallan nono ya gagare ta, sai ƙanwarta ce take ɗauka. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango. Amma ko sau ɗaya ba ta ce in bari ba. Har suna ta sa wa abin, wai ajiyar malam. In maƙwabta suka tambayi jiki sai ta ce da sauƙi, ajiyar malam tana nan lafiya, ba ta ci ba ta sha sai girma.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci da wuri, na shigo ban yi gyaran murya ba. Na tarar da ita tana sallar azahar a zaune, ta miƙe ƙafar hagu gaba, tana sunkuyawa da ka kamar yadda kakata take yi a shekarunta na ƙarshe. Mace 'yar shekara ashirin da biyar, wadda take zaga ƙauyuka uku da ƙwarya a ka. Ashe ta daɗe tana haka, in ina gida ne take daurewa ta tsaya. Na koma zaure na zauna. Na ce a raina, ga shi na hana ta tsayuwa gaban Ubangijinta da hannuna da ƙaryata, ina kuma kiran kaina malam. In ma yankewar ce, ai ba ni da ikon ɓoye mata. Na zazzage gafaka na ɗauko katin, har ya fara cin danshi. Na je na tsuguna a gabanta na ce ta shirya, jibi za mu Kano. Na ce akwai maganar da na ɓoye mata. Ta ce in bar ta tukuna, hanya tana da tsawo.

Muka hau jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha. Ita ba ta taɓa shiga ba, ta yi ta leƙen taga tana ƙirga shanun mutane tana kushe su. Ni kuwa ko ruwa na kasa sha. A asibitin Kano aka fara tura mu wurin akawun da yake karɓar kati, wani dattijo mai furfura da tabarau, da wani ƙaton littafi a gefensa. Na ga alamar sallah a goshinsa, sai na sami ƙarfin hali. Na matsa kusa na rage murya, na nuna masa lambar, na roƙe shi don girman Allah ya gaya mini gaskiya ko ta masu yankan ƙafa ce. Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya wa ya gaya mini haka. Na ce hisabi na buga. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa da alheri, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Ya ce shi ma ɗan allo ne kafin ya shiga boko. Ya jawo littafin nan ya buɗe, ya bi da yatsa har ya kai kan lambar. Ya ce kowace cuta da likitoci suka sani an ba ta lamba, kamar yadda kowace sura take da gurbinta a cikin Alƙur'ani, don in an rubuta a Gumel, wanda yake Kano ya gane ba sai an yi dogon bayani ba, a kuma san yawan masu fama da ita. Ya ce wannan lambar tana nufin tauri irin na ƙashi a cikin tsoka, shi ke nan. Na ce ashe ba lambarta ba ce. Ya ce ina, ta cutar ce, ko Bature ne doki ya harba a ƙasarsu ya sami irin wannan, ita za a rubuta masa. Sannan ya duba ranar da aka ba da katin, ya ƙirga da yatsu, ya ce malam, wata uku. Ban iya ɗaga kai ba.

Aka ɗauki hoton. Likita ya ɗaga shi wajen haske ya nuna mana. Ga ƙasusuwan ƙwauri biyu farare a miƙe, ga kuma wani farin abu shi kaɗai a bayansu, a inda bai kamata a ga komai ba, ya kai girman ƙwan zabo. Likitan ya bayyana mana da Hausa. Ya ce in nama ya daku jini ya taru a ciki, wani lokaci jiki yakan rikice ya riƙa tara farin sinadarin nan da ake gina ƙashi da shi a wurin. In an bar shi ya huta, sau da yawa yakan tsaya da ƙanƙanta, har ya ragu da kansa. Amma dannawa da murzawa da zafi suna sake fasa naman, jiki kuma ya ƙara tarawa. Sai ya tambaya wane ne yake matsa mata ƙafar, don wannan ba aikin saniya kaɗai ba ne. Kafin in buɗe baki maiɗakina ta ce wani babban likita ne a ƙauyensu, ya ƙware ƙwarai, kwalba ce kayan aikinsa. Likitan ya dube ta ya dube ni, ya gane. Na ce ni ne. Ya ce babu maganar yanke ƙafa, tun farko ma babu ita. Amma yanzu sai haƙuri, a bar wurin ya huce na watanni, a riƙa ɗan motsa idon sawu a hankali yadda za a koya mata. Ya ce zafin zai tafi in Allah ya so, sai dai ba ya alkawarin diddigen zai koma ƙasa kamar da, don tsokar ta riga ta ɗaure.

A jirgin dawowa ne na faɗa mata komai, da maganar baranda, da hisabi, da gafaka. Ta bari har na gama. Sannan ta ce ai tagar ɗakin malamin asibitin nan a buɗe take, duk abin da ya faɗa mini a kunnenta ya faɗa. Na ce to me ya sa ba ta tona ni ba, me ya sa ta bar ni ina azabtar da ita wata uku. Ta juya wajen taga ta ce ita ma tsoron Kanon take yi. Ta ƙara da cewa kuma shekara bakwai da aka kawo ta gidana, ban taɓa zama da ita da safe ba, daga masallaci sai zaure, daga zaure sai kasuwa. Sai da saniya ta harbe ta ta san cewa ina da hira. Ta ce ta auna zafin da zaman, ta ga za ta iya. A cikin mutane muke, amma sai da na ja rawanina na rufe fuska. Ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in daina, kada a ce ta doki bawanta a jirgin gwamnati.

Shekara biyar ke nan. Zafin ya tafi kamar yadda likita ya ce, dutsen ya ɗan ragu, amma yana nan. Mun koma sau biyu, suka ce tunda ba ya ciwo gara a bar shi da a tsaga. Tana sallarta a tsaye yanzu, alhamdu lillahi, tana aikin gidanta, tana zuwa rijiya. Zagayen ƙauyuka uku kuwa ya ƙare har abada, don diddigen hagu bai ƙara taɓa ƙasa ba. Hisabi na tuba da shi, ban sake share ƙasa don in leƙa abin da Allah ya ɓoye ba. Zaman safe ne kawai ban bari ba. In na dawo daga asuba nakan zauna a tabarmar nan, ta ɗora ƙafar a cinyata, in aza tafin hannuna a kai ba tare da na danna ba, mu yi ta hira har rana ta fito.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwa, musamman irina da mutane suke kira malam, shi ne sanin abu ɗaya ba ya sa ka san komai. Na iya rubutu, sai na ɗauka na iya ƙafa. In dabba ta harbi wani naku, ko ya faɗi nama ya daku, kada ku hau shi da murza da ruwan zafi don kuna ƙaunarsa, ku bar wurin ya huta, in ya fara tauri ku kai shi a duba. In an ba ku takarda a asibiti ba ku gane abin da ke ciki ba, ku tambayi wanda ya rubuta tun kuna tsaye a gabansa. Tambayar da na yi wa dattijon nan a Kano ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba, da a barandar Gumel na yi ta da yanzu wani labarin ake yi. Kada kuma ku ɓoye wa mai ciwo maganar jikinsa da sunan tausayi, jikinsa ne, shi zai zauna da shi. Ita ta ce ta yafe mini tun a jirgi, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini. Amma gidanmu rairayi ne, kullum da safe kafin a yi shara nakan ga inda ta bi zuwa madafa. Sawun dama cikakke, na hagu yatsu kaɗai. Na rubuta wa mutane wasiƙu ba iyaka, an karanta an yar. Wannan rubutun nawa ne kaɗai nake tashi in tarar da shi sabo kowace safiya.